Mai Feshi da Lafiyar Jikinsa

Ya kai manomi, da kai saurayin da ke goya famfo kana yi wa mutane feshi a biya ka, wannan takarda taku ce.

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi, har zuwa Bakori da Danja da Ƙafur da Dandume, ƙasar noma ce tun kaka da kakanni. Auduga ce ta sa Turawa suka kafa gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi. A 1975 kuma aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya yaɗa takin zamani da ingantaccen iri da maganin ƙwari cikin ƙauyuka. Yau manoma da yawa ba su ɗaukar fartanya sai sun fara zuba maganin ciyawa. Da tsutsar masara ta shigo Nijeriya a 2016 sai feshin ya ƙaru, har ya zama sana'ar da samari ke ci da ita duk damina.

To, mu je bakin gona mu ga yadda ake yi. Saurayi ya durƙusa, ya ɓalle marfin kwalba da haƙori. Ya auna magani da gwangwanin madara, ya tuttula a famfo, abin da ya malalo a yatsunsa ya goge a wando. Ya saɓa famfo a baya, marfin bai rufu sosai ba, ruwan na ɗiga yana bin gadon bayansa. Ƙafa silifas ne, ciyawar da ya jiƙa ita yake takawa. Bakin famfo ya toshe, ya cire ya hura da baki. Mai fura ta iso, ya miƙa hannun nan ya karɓi ludayi. Ka ce masa wani abu, ya ce ai shekara biyar ke nan yana yi, ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Sabo turken wawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba sai an sha guba take shiga jiki ba. Ga mai feshi, fata ce babbar ƙofarta, kuma zafi da gumi na ƙara mata saurin shiga. Ido da fuska da matsematsi sun fi tafin hannu saurin tsotsa, saboda haka wanda ya je fitsari bai wanke hannu ba ya cuci kansa. Lokacin da ya fi haɗari kuwa shi ne na aunawa da haɗawa, domin a nan ne maganin ke da cikakken ƙarfinsa, ba a tsinka shi da ruwa ba.

Don haka, kafin ka buɗe kwalba ka sa safar hannu ta roba. Ta yadi ba ta da amfani, tsotse maganin take yi ta riƙe maka shi a fata. Ka sa riga mai dogon hannu da dogon wando da takalmin roba, ƙafar wandon ta rufe takalmin daga waje. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci, da zarar ya jiƙe ya zama cuta, a nemi takunkumi na gaskiya da tabarau. Ka yi feshi da sanyin safiya ko bayan la'asar, kada iska ta riƙa maido maka da shi fuska. In bakin famfo ya toshe, sa tsinken ciyawa da ruwa. Ba a cin goro, ba a shan taba, ba a cin abinci sai an wanke hannu da sabulu. In an gama a yi wanka, kayan aikin kuma a wanke su daban. Kada a jefa wa uwargida su cikin wankin yara, ita ba ta je gonar ba.

Dubi gindin takardar da ke jikin kwalba, za ka ga zanen launi. Ja shi ne mafi tsananin guba, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ko ba ka iya karatu ba, ka iya ganin wannan. Maganin da aka juye a wata kwalba ba takarda, kada ka saya komai arharsa. Akwai maganin ciyawa mai sinadarin farakwat, wanda ke ƙone ciyawa cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake son sa. Ba shi da makari, kurɓi kaɗan na iya lalata huhu. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da hana shi daga farkon 2024. In ka ci karo da shi a kasuwa, ka wuce.

Yanzu alamun cutuwa. In mai feshin maganin ƙwari ya fara jiri da ciwon kai, yawu na zuba, gumi da hawaye na kwarara, ga amai ko gudawa, gani ya dushe, tsoka na rawa, ƙirji ya cushe, to kada a tsaya ana cewa rana ce ko shawara. A fid da shi daga gonar, a tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. In ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 15. Nono da madara da manja da ake ɗura wa mutum ba su karya guba, wani maganin ma maiƙo na taimaka masa ratsa hanji. Kada a sa shi amai da gangan, kada a ba wanda ya suma komai ta baki. A garzaya babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ko asibiti mafi kusa, kuma a riƙe kwalbar a tafi da ita. Likita na buƙatar ganin sunan, domin allurar da ke ceton wanda maganin ƙwari ya kama ba ta yin komai ga wanda ya sha na ciyawa.

Da kaka haɗarin kan biyo amfanin gona ya shigo gida. Masu yayyafa maganin ƙwarin nan Sniper a kan wake su sani irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu kuma hayaƙi take fitarwa mai kisa, ba a sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba ya buƙatar magani ko kaɗan.

Saura kai mai gona. Yawancin masu feshi 'yan ƙwadago ne, a kan kowane famfo ake biyansu, shi ya sa suke gudu har cikin tsakar rana. Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 wadda hukumar NSITF ke kula da ita, amma yaron da ka ɗauka da safe ka sallama da yamma ba ya cikin littafin kowa. In ya faɗi, iyayensa ne da asibiti. A ganina, wanda ya iya sayen katan na magani ya iya sayen safa da takalmi ya ajiye wa mai yi masa aiki, ya kai jarkar ruwa da sabulu bakin gona. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2001 a kan lafiyar ma'aikatan gona ta sa shekara 18 ta zama iyakar shiga aiki mai haɗari, saboda haka ɗan sakandare da almajiri ba a goya masu famfo. Mai ciki da mai shayarwa kuma kada su shiga gonar da aka fesa sai lokacin da takardar ta faɗa ya cika. Abin da ya shige maka duhu, tambayi malamin gona na hukumar noma ta KTARDA.

Kwalbar da ta ƙare, a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfo, sannan a huda ta da wuƙa don kada wani ya tsince ta ya zuba mai ko ruwan sha.