Me Ya Sa Zawo Ke Ci Gaba Ga Mai Ciwon Fankiriyas?

Malam mai tambaya, ka ce mahaifinka yana shan ƙwayoyin narkar da abinci kullum saboda daɗaɗɗen kumburin fankiriyas, amma kumburin ciki da zawo mai maiƙo sun ƙi tafiya. Allah ya ba shi lafiya. Ina ganin kafin a ƙara masa magani, a duba ƙaramin hanjinsa. Ruwan fankiriyas yana taimakawa wajen rage bakteriya a can, to idan ya yi ƙaranci, ga kuma magungunan ciwo irin su tramadol da ke rage motsin hanji, sai bakteriya su yi yawa. Su ne ke lalata gishirin bile mai narkar da mai, su cinye bitamin B12. Bincike ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna da matsalar yawan bakteriya a ƙaramin hanji.

Wani zai ce gwajin numfashi, wanda ake yi bayan shan gulukos don gano wannan matsala, yana kuskure. Haka ne, amma ya fi lalube. Wani kuma zai ce a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis. A'a, wannan na iya jawo zawo mafi muni. Likita ne zai rubuta irin su rifaximin na kusan mako 2, sannan ya nemi musabbabin, domin matsalar tana dawowa.