Tsohuwar Mota Mai Babban Inji: Nawa Ya Kamata a Taya?

Da zarar an kai gero rumbu an sayar da wake, ƴan ci-rani kuma suka fara dawowa daga Kwatano da Legas da Abijan, sai cinikin tsofaffin motoci ya tashi a ƙasar Arewa ta Nijar. Daga Tibiri ta Dallol Mawri, ba ta Gobir ba, zuwa Dumega da Geceme da Kore Mai Ruwa har Dogon Dutsi, duk wanda ya ɗan tara kuɗi yana son abin hawa na kansa. A da, burin mutum bai wuce Peugeot 504 ko Hilux ba. Yanzu samari sun sha kallon bidiyo a waya, idonsu ya koma kan manyan motoci masu silinda takwas, waɗanda kowa ke kira V8, masu rurin da ake ji tun kafin su ɓullo kwana.

Mai wannan bayani makanike ne, kuma wani ɓangare na aikinsa shi ne a kira shi ya duba mota kafin a ƙirga kuɗi. Tambayar da ake masa ba ta canzawa: "Maigida, nawa ta kai?" Amsarsa ma ba ta canzawa: kuɗin tsohuwar mota shi ne abin da aka sayar da irinta a kwanan nan, a cire abin da za ta ci wa sabon mai ita a shekarar farko. Rurin inji ba ya shiga wannan lissafi, sai ma a wajen ragi.

A Amurka aka ƙago irin wannan mota. A 1964 Pontiac GTO da Ford Mustang suka fito, lokacin da fetur ke da arha a can, aka riƙa cusa manyan injuna cikin motoci masu ƙofa biyu don samari. Da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a 1973, kasuwar irin waɗannan motoci ta karye. Daga baya ne masu tara kayan tarihi suka farfaɗo da darajarsu, har a watan Janairun 2020 aka yi gwanjon wata Mustang ƙirar 1968 a jihar Fulorida, wadda Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, ta tashi a kan dalar Amurka miliyan 3.74. Irin wannan labari ne ke ruɗin samari har da wasu dillalai. Waɗancan masu saye tarihi suke biya: wa ya hau motar, ko injin da ke cikinta shi ne wanda ta baro masana'anta da shi, ko takardunta ba su yanke ba tun ranar farko. Motar da za ta riƙa ratsa rairayin Dallol da buhunan wake a bayanta, aikinta ake saye.

Takarda kafin a buɗe inji

Shekaru da dama hanyar motocin hannu zuwa Nijar ɗaya ce: jirgin ruwa ya sauke a Kwatano, a biyo ta Malanbil a tsallako gadar Gaya. Da yawansu da takardar wucewa suke shigowa, ba da ta zama ba, domin Najeriya aka nufa da su. Da Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017, wasu suka maƙale a wannan gefe suna yawo hannu zuwa hannu ba a gama da duwan, wato kwastam, ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakar Benin ta rufe, kaya suka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗin ɗauko mota ya ƙaru. Wannan ya ɗaga kan tsofaffin motocin da ke cikin ƙasa masu cikakkun takardu.

Ta gefen gabas kuma wani tarko ne. Tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, motar da aka taya a Birnin Kabi ko Argungu ko Sakkwato, in aka juya kuɗinta zuwa sefa, sai ta zama kamar kyauta. Mutum ya shigo da ita da lambar Najeriya yana murna, sai ranar da ya je duwan. Su kuwa ba ruwansu da abin da ya ce ya biya, suna da nasu ma'auni na ƙirar mota da shekarunta. Don haka ba a gwada kuɗin motar da aka yi wa duwan da na wadda ba a yi wa ba, ko da ƙirarsu ɗaya, launinsu ɗaya.

Abin da makanike ke fara nema shi ne kart giris, wato takardar mallakar mota, sannan ya tsuguna da tocila ya nemo lambar shasi a jikin ƙarfen motar, ya gwada ta harafi bayan harafi da wadda ke takarda. Tun 1981 motocin kasuwar Amurka ke ɗauke da lamba mai gurbi 17, kuma gurbi na goma shi ke nuna shekarar ƙirar. Dillali zai iya cewa ƴar 2008 ce, lambar ta ce 2001. In wurin lambar ya yi santsi fiye da kewayensa, ko haruffan ba su daidaita a layi ba, ko an shafa sabon fenti a nan kaɗai, to an taɓa ta. A nan babu maganar ragi. Ciniki ya mutu, domin motar da jandarma za su iya ajiyewa a shingen farko ba ta da farashi.

Akwai kuma kuɗin da ke dawowa kowace shekara. Binyet, wato harajin mota, da inshora ana lissafa su ne da ƙarfin injin da aka rubuta a kart giris, saboda haka mai V8 yana biyan fiye da mai 504 ko da motar ta kwana wata shida a ƙarƙashin bishiya.

A bar ta ta kwana

Ga yadda abin ya kasance da wata Land Cruiser mai injin fetur V8 da aka kawo wa wani ɗan kasuwa. An wanke ta har injin yana ƙyalli, ta iso da zafinta, tana aiki shiru. Mai ita yana cewa, "Alhaji, wagga mota lahiyarta lau, ko Agadas ka ce sai ta kai ka." Makanike ya zaro ma'aunin mai, ya murza a yatsa, ya ji kauri kamar an zuba na babbar mota. Ya buɗe murfin zuba mai, ya ga wani farin kumfa-kumfa manne a ciki. Sai ya ce, "Malam, a bar ta ta kwana nan, gobe da asuba ni zan tayar da ita." Da safe sai da ta yi tari kafin ta kama, farin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe bayanta, ruwan lagireto kuma yana ɓulɓulo kumfa. Ruwa na shiga inji ta juwan kulas, kuma a V8 kulas biyu ne, aikin ninki ne.

Shi ya sa ba a yanke wa mota kuɗi da zafin inji. Mai kauri yana danne ƙarar ƙarfe, zafi yana ɓoye wahalar tashi. Hayaƙi ma yana magana: shuɗi-shuɗi yana nufin inji na ƙona mai, baƙi yana nufin fetur ko gazuwal ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa yana nufin ruwa. Mai motar da ya ƙi yarda ta kwana ya riga ya ba da amsa.

Agogon kilomita kuwa shi ne abin da aka fi sauƙin yi wa ƙarya. Kamar yadda mai sayen doki ke buɗe baki ya dubi haƙori, haka makanike ke duban robar birki da ta kuloci, da sitiyari inda hannu ke kamawa, da gefen kujerar direba. Motar da agogonta ke nuna kilomita 90,000 amma ƙafa ta cinye robar har ƙarfe ya fito, ta yi tafiyar da ba a rubuta ba. Taya ma tana da ranar haihuwa: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta su ne mako da shekara, wato 2316 na nufin mako na 23 na 2016. Tayar da ta shekara takwas, ko zanenta bai goge ba, ba a amince mata a kan kwalta da zafin watan Afrilu.

Sai jiki. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. A cikinsu akwai waɗanda gishirin da ake watsawa kan titi lokacin ƙanƙara ya ci ƙarƙashinsu, akwai waɗanda ambaliya ta shanye. Ana gane na ruwa da warin rima ƙarƙashin shimfiɗa, da busasshen laka a ramin tayar safaya da layin da kujera ke zamewa. Ana gane inda aka cike da mastik ta hanyar naɗe maganaɗisu a ƙyalle a bi jikin mota da shi: inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne. Motar da ta daɗe a nan kuma ciwonta daban ne, lodi da hanyar jar ƙasa. A shiga ƙarƙashi a dubi shasi kusa da inda sifirin ke kamawa, a nemi tabon walda.

Fetur da kayan gyara

Shekara da shekaru mutanen bakin iyaka sun saba da fetur ɗin kwalba mai arha daga Najeriya. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, wannan arhar ta tafi. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauke litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, amma a Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai, domin abin da matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa bai ishi ƙasa ba. Tsohon V8 na fetur yana iya shan lita 18 a kilomita 100. Tafiyar kilomita 500, kamar zuwa Yamai da dawowa, lita 90 ke nan, kusan jika 45, wato sefa dubu 45, a kan farashin 499. Motar da ke shan lita 10 za ta yi wannan tafiya da jika 25.

Kayan gyara ma farashi ne. An harhaɗa 504 a Kaduna tun daga 1975 har kusan shekara talatin, shi ya sa kayanta ba sa wuya daga Konni har kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma kowane yaron gareji ya san cikinta. Haka injin gazuwal 1HZ na Land Cruiser, wanda ya fito a 1990. Amma Dodge Charger ko Mustang, in wata ƴar na'urar lantarki ta mutu, sai an nemi mai kwamfutar duba mota a Yamai ko Sakkwato, sannan a yi odar kayan a zauna jira. Wannan jiran ma kuɗi ne ga wanda ya sayi mota don neman abinci.

Yadda ake fitar da tayi

A ƙaddara an yi wa mota kuɗi sefa miliyan huɗu. Mai saye ya bincika a Doso da Yamai ya ji an sallama irinta biyu ko uku a wajen miliyan uku da rabi. Kuɗin da aka sallama ake nema, ba wanda aka rubuta a Facebook ba. Daga nan makanike ya lissafa aikin inji, taya huɗu, batir, birki, da sauya kart giris zuwa sunan sabon mai ita. In suka tashi jika ɗari bakwai, tayin gaskiya bai wuce miliyan biyu da jika ɗari takwas ba. Mai mota zai ce albarka, wannan al'adar ciniki ce. Amma tayin da ya zo da jerin aibi ɗaya bayan ɗaya ya fi wuyar turewa, kuma mai sayarwa ya san abin da malamai suka faɗa a kan ɓoye aibin haja.

Lokaci ma yana taɓa farashi. Da kaka da gabanin Sallah masu saye sun yi yawa, da damina kuwa masu neman kuɗin taki da ƙwadago ne ke sayarwa. Dillali yana cin la'ada ne in ciniki ya faɗa, don haka wanda zai duba motar ya zama mai saye ne ya kawo shi, shi ke biyansa, ko an saya ko an fasa. Cinikin hoto ta WhatsApp kuwa cinikin biri a sama ne.

In an daidaita, a rubuta takardar ciniki da lambar shasi cikakkiya, da kuɗin da aka biya, da sunayen shaidu, a kai ofishin magajin gari ko na ƴan sanda a buga hatimi. Sunan da ke kart giris ya zama na wanda ya sa hannu, in kuwa wakili ne ya kawo takardar wakilci. Masu saye da dama a yankin suna riƙe wani kaso na kuɗin a hannun shaida, ba a miƙa shi sai ranar da sabuwar kart giris ta fito da sunansu.