Daga Ƴar Bora zuwa Miles Morales: Zubi da Tsarin Labari a Fim ɗin Zane na Matashin Jarumi

1.0 Gabatarwa

Yaran da ke zaune gaban mai gatana sukan hango inda labari ya dosa tun kafin a kai rabinsa, amma duk da haka babu mai tashi. Sun san marainiya za ta sha wuya, sun kuma san za ta dawo da arziki. Abin da ke zaunar da su shi ne yadda aka jera matakan da ke tsakanin wuyar da arzikin. Wannan jerin shi masana adabi ke kira zubi da tsari. Maƙalar nan za ta feɗe tsarin fim ɗin zane mai motsi na Spider-Man: Into the Spider-Verse, ta auna shi da tatsuniyar Ruwan Bagaja, domin nuna inda suka yi tarayya da inda suka raba hanya, da kuma dalilin da ya sa bambancin ya shafi mai rubuta wa yaran kwarin Komadugu labari.

2.0 Taƙaitaccen Labarin Fim ɗin

Kamfanin Sony ne ya fitar da fim ɗin a watan Disamban 2018, ya kuma ci kyautar Oscar ta fina-finan zane a 2019. Tauraronsa Miles Morales ne, ɗan makarantar kwana a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Mahaifinsa Jefferson ɗan sanda ne mai tsanani, mahaifiyarsa Rio ma'aikaciyar jinya ce. Wanda yake sakewa da shi shi ne baffansa Aaron. Wata rana suna zane a bangon hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa sai wani gizo-gizo ya ciji Miles, ya wayi gari hannunsa na manne wa duk abin da ya taɓa.

Daga nan ya faɗa tsakiyar faɗan da ba nasa ba. Wani attajirin mugu mai laƙabin Kingpin ya ƙera na'urar da ke buɗe ƙofa zuwa wasu duniyoyi, domin ya dawo da matarsa da ɗansa da suka mutu. Jarumin garin, Peter Parker, ya damƙa wa Miles makullin kashe na'urar, sannan Kingpin ya kashe shi a kan idon yaron. Na'urar ta jawo wasu jarumai biyar daga duniyoyinsu, cikinsu har da wani Peter ɗin da ya fara manyanta, aurensa ya mutu, zuciyarsa ta yi sanyi. Shi ne ya zama malamin Miles ba da son ransa ba.

3.0 Ma'aunin Nazari

A 1928 masanin Rasha Vladimir Propp ya nazarci tatsuniyoyin ƙasarsu ɗari, ya gano cewa sunayen taurari na sauyawa amma ayyukansu ba sa wuce 31, kuma jerinsu ɗaya ne. Cikinsu akwai rashi, da barin gida, da gamuwa da mai baiwa wanda ke jarraba jarumi kafin ya ba shi abin taimako, da karawa da mugu, da komawa gida. A 1976 Denise Paulme ta ƙasar Faransa ta dubi tatsuniyoyin Afirka, ta kasa su bisa siffar tafiyarsu. Biyu daga cikin siffofin nata za su yi amfani a nan. Ta farko siffar madubi, inda mutum biyu ke bin hanya ɗaya, ɗaya ya dace ɗaya ya taɓe. Ta biyu siffar murɗe, inda labari ke zagayowa kan jarrabawa iri ɗaya, amma kowane zagaye yana ɗara na baya.

4.0 Gizo ne ko Marainiya?

Bahaushe da ya ji an ce jarumi gizo-gizo ne, tunaninsa zai tafi ga Gizo mijin Ƙoƙi. Kamar ta tsaya ga suna kawai. Gizon tatsuniya mai wayo ne da haɗama, kuma yadda ya shiga labari haka yake fita, bai ƙaru da komai ba sai abin da ya cinye ko dukan da ya sha. Saboda haka ake iya ba da tatsuniyoyinsa a kowane jeri. Miles kuwa labarinsa gaba ɗaya na sauyawa ne, kuma takwararsa a adabin Hausa ita ce ƴar bora.

A tatsuniyar Ruwan Bagaja an tura ƴar bora wanki wani ruwa mai nisa bisa laifin da ba ta yi ba. A hanya ta gamu da abubuwan al'ajabi, ta gaishe su da ladabi, ta yi abin da aka umarce ta ba gardama. Aka ba ta ƙwai, ta fasa shi inda aka ce, dukiya ta fito, ta koma gida cikin ɗaukaka. Ƴar mowa ta bi sawunta da raini da rashin kunya, ta fasa nata ƙwan, ta koma da abin kunya. Matakan Propp sun fito sarai: rashi, barin gida, jarrabawa, baiwa, komawa. Siffar kuma ta madubi ce.

5.0 Inda Fim Ya Juya Jerin

A tatsuniya jarrabawa ce ke zuwa kafin baiwa. Ƴar bora ta nuna halinta tukuna, sannan aka ba ta ƙwai. A fim ɗin baiwa ce ta riga. Cizon gizo-gizo tsautsayi ne, Miles bai yi wani abin da ya cancanci ƙarfin ba, kuma da farko ƙarfin kunyata shi yake yi a gaban ƴan ajinsu. Shi kansa ya ɗauka alamun balaga ne. A nan marubutan suka ɗora labarin a kan abin da kowane matashi ya sani, wato jiki yakan riga hankali girma. Sauran fim ɗin duka biyan bashin baiwar da aka ba shi tun bai isa ba ne.

Ana biyan bashin nan a siffar murɗe, kuma misali biyu sun isa. Na farko tsalle. Bayan mutuwar Peter, Miles ya hau dogon bene don ya gwada kansa, tsoro ya kama shi, ya sauko ya nemi gajere, ya yi tuntuɓe ya faɗo, makullin da aka ba shi amana ya karye. Kusa da ƙarshe ya sake hawa, ya saki jiki ya faɗa. A wannan karon an juya hoton, benayen birnin suka koma sama, har mai kallo ya ga kamar tashi yake yi alhali faɗuwa yake. Na biyu dafa kafaɗa, dabarar da baffansa ya koya masa ta gaisawa da ƴan mata. Ranar da ya fara gwada ta hannunsa ya manne a gashin wata yarinya, sai da aka aske wurin. A karon ƙarshe da wannan dafawar ce ya saki wutar jikinsa ya kayar da Kingpin. Abin dariya a farko ya zama makami a ƙarshe, kuma babu wani sabon abu da aka shigo da shi don warware rikicin.

Har zanen ma ya bi wannan tsari. A farkon fim an zana motsin Miles da hotuna 12 a daƙiƙa guda, na malaminsa kuma da 24, shi ya sa tafiyar yaron ke fita da ɗan gargada. Da ya ƙware sai motsinsa ya daidaita da na sauran.

6.0 Madubi Tsakanin Jarumi da Mugu

Ƙololuwar fim ɗin ta taso ne daga cikin gida. Miles ya gano cewa ɗan farautar da Kingpin ya sa ya kamo shi baffansa ne. Da yaron ya yaye fuskarsa Aaron ya ga ɗan ɗan'uwansa, sai ya ƙi kashe shi, Kingpin kuwa ya harbe shi nan take. Daga nan Miles da Kingpin suka zama ƴar bora da ƴar mowa. Dukansu sun rasa nasu, dukansu suna da ƙarfi a hannu. Kingpin ya ƙi yarda da rashin, ya gwammace birni ya rushe muddin zai dawo da abin da ya wuce, alhali matarsa da ɗansa sun mutu ne a hatsarin mota suna gudun muguntar da suka gan shi yana yi. Miles ma ya so ramuwa, amma ƴan'uwansa jarumai suka ɗaure shi a kujera suka tafi, domin bai iya sarrafa ƙarfinsa ba. Abin da ya kwance shi maganar mahaifinsa ce daga bayan ƙofa, uban da bai san halin da ɗansa yake ciki ba, ya zo ne kawai ya shaida masa ƙauna da amincewa. Bayan wannan ne tsalle na biyu ya yiwu. A ƙarshe bai kashe Kingpin ba, ya ɗaure shi ya bar wa hukuma.

7.0 Tsarin a Bakin Bahaushe

Ɗalibin harshe yana da hanya mai sauƙi ta gano ƙashin bayan labari, domin nahawun Hausa kansa yana rarrabe shi. Ayyukan da ke tura labari gaba suna zuwa ne a shuɗaɗɗen lokaci na biyu, galibi bayan "sai": sai suka tafi, sai aka ba ta. Shimfiɗa kuwa tana zuwa a lokaci mai ci: ana nan, tana cikin tafiya. Kalmar "ashe" ita ke riƙe wurin da abin ɓoye ya bayyana. Idan aka sake ba da fim ɗin da Hausa, kowace jimlar "sai" da aka cire labari bai karye ba ado ce, wadda aka cire ya karye kuwa ginshiƙi ce. "Ashe" mafi nauyi guda ɗaya ce: ashe mai farautarsa baffansa ne.

Wannan kalma ta "baffa" ma abin lura ce ga mai fassara. Ingilishi yana da kalma ɗaya ga ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba, Hausa kuwa ta raba kawu da baffa. Wanda ya kira Aaron kawu ya ɓata madubin da ke tsakaninsa da Jefferson, ƴan gida ɗaya da ɗaya ya zama ɗan sanda ɗaya ya zama ɗan ta'adda, yaro kuma yana tsakiya kowa na jan sa.

8.0 Darasi ga Mai Rubuta wa Yaran Komadugu

Tun hare-haren farko da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015, yankin ya cika da yaran da suka tashi a gudun hijira. A daren 12 ga Disamban 2020 an kai wa garin Tumur hari, aka kashe aƙalla mutum 27, aka ƙone kasuwa da gidaje masu yawa. Yaran da suka ga wannan dare yanzu matasa ne. Rashi, wanda Propp ya sa a farkon labari, a wurinsu ba sai an ƙaga ba. Labarin yaro mai rauni da ya sami ƙarfi dare ɗaya shi ne kuma irin labarin da masu ɗaukar makami ke yaudarar matasa da shi. Saboda haka marubucin da zai ƙaga wa yaran Barebari da Fulani da Hausawan wannan kwari jarumi irin nasu, ɗan mai noman tattasai ko ɗan masunci, yana ɗauke da nauyin jerin da ya zaɓa. Idan ƙarfi ya zo, ramuwa ta biyo baya, labari ya ƙare da tafi, to ya koyar da abu ɗaya. Idan kuwa ya sa jarrabawa tsakanin ƙarfi da nasara, ya ajiye ƙin haƙuri a ɓangaren mugu, ya bar muryar iyaye ta zama makulli, ya koyar da wani abu dabam ba tare da jimlar wa'azi ko ɗaya ba.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa fim ɗin ya yi tarayya da tatsuniyar Ruwan Bagaja a matakai da siffar madubi, ya saɓa mata wajen gabatar da baiwa a kan jarrabawa, sannan ya cike giɓin da siffar murɗe. Aikin da ya dace ɗalibai su gwada shi ne su ɗauko gatana guda daga bakin wata tsohuwa a Diffa ko Tumur, da Hausa ko Barbarci ko Fillanci, su rubuta ta yadda aka faɗe ta, su ja layi ƙarƙashin ginshiƙanta, sannan su matsar da baiwar zuwa gaban jarrabawa su ga abin da zai sami halin tauraron da kuma ƙarshen labarin.