Kafin Ka Shiga Fab Lab

Idan za ka leƙa Fab Lab, irin ɗakin ƙere-ƙeren jama'a da ya samo asali daga jami'ar MIT ta Amurka, kada ka tafi hannu rabbana. Ɗauki abin da ya karye a gida, ko da maɓallin fanka ne, ka auna shi da milimita, ka zana a manhajar Tinkercad, kyauta ce, sannan ka buga shi da injin 3D. Bugun farko bai cika shiga daidai ba. Kankare, sake awo, sake bugawa.

Robar PLA da injin 3D ke aiki da ita tana laushi idan zafi ya kai wajen digiri 60, kar ka manta ta cikin mota da rana tsaka. Robar PVC kuwa, ko kusa da injin yanka na lesa kar ta je, hayaƙinta guba ne.