Tagwayen Rashin Daidaito a Lissafin Aljabara: Yadda Ake Warware Su da Zana Su

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikin ɗaliban harshe suna gudun lissafi, suna ganin ba gonarsu ba ce. Sai dai akwai wani babi a aljabara da ya dogara kacokan a kan fahimtar kalmomi biyu da muke furtawa kullum, wato “kuma” da “ko”. Babin shi ne na tagwayen rashin daidaito, wanda ake koyarwa a sakandare, ake kuma tambaya a jarrabawar WAEC da NECO. Wannan maƙala za ta yi bayanin ma'anarsa, da yadda ake warware shi, da yadda ake zana amsar a kan layin lambobi.

2.0 Alamomi da Ma'anarsu

Kalmar aljabara ta samo asali ne daga “al-jabr” da ke cikin sunan littafin da Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Alamomin < da > kuwa sun fara bayyana ne a littafin Thomas Harriot, masanin lissafi ɗan Ingila, wanda aka buga a 1631, shekara goma bayan mutuwarsa.

Alamomin guda huɗu ne, kuma kowace tana da takwararta a maganar Bahaushe:

x < 18 : x bai kai 18 ba
x ≤ 18 : x bai wuce 18 ba
x > 18 : x ya wuce 18
x ≥ 18 : x bai gaza 18 ba

A lura da bambancin “bai kai ba” da “bai wuce ba”. A na farko 18 ba ya ciki, a na biyu yana ciki. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin.

Idan aka haɗa sharaɗi biyu irin waɗannan da “kuma” ko da “ko”, shi ne aka sami tagwayen rashin daidaito.

3.0 Nau'in “Kuma”

A nan dole lamba ta cika sharuɗɗan biyu a lokaci guda. A yawancin jami'o'in Nijeriya, sakamakon B yana farawa daga maki 60, kuma da zarar maki ya kai 70 ya zama A. Saboda haka makin B bai gaza 60 ba, kuma bai kai 70 ba. Ana taƙaita shi haka: 60 ≤ m < 70.

Misali na 1: A ce ɗalibi ya sami maki 24 a gwaji da jinga. Maki nawa zai ci a jarrabawa ya sami B?

60 ≤ 24 + x < 70

Ƙa'idar ita ce, duk abin da aka yi wa sashe ɗaya, sai a yi wa sassan uku. Mu ɗebe 24 daga kowanne:

36 ≤ x < 46

Ke nan yana buƙatar maki 36 zuwa 45. Idan ya ci 35 ya faɗa C, idan ya ci 46 ya haye A.

Wajen zane, sai a ja layi, a sa lambobin iyaka. Idan lambar iyaka tana cikin amsa, a yi mata cikakken ɗigo. Idan ba ta ciki, a yi mata da'ira a bar cikinta fari. Daga nan a kaurara layin da ke tsakaninsu:

———●══════○———
   36      46

4.0 Inda Alama Take Juyawa

Nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Idan aka ninka ko aka raba da lambar da ke ƙasa da sifili, wato mai alamar ɗebewa, dole bakin alamar ya juya. Dalilin ba boyayye ba ne. Mai naira 500 ya fi mai naira 200 kuɗi. Amma idan bashi ake bin su, wanda ake bi 500 ya fi wanda ake bi 200 nutsewa. Wato 500 > 200, amma −500 < −200.

Misali na 2: Warware −3 < 5 − 2x ≤ 9

Ɗebe 5 daga sassan uku: −8 < −2x ≤ 4
Raba da −2, alamomin su juya: 4 > x ≥ −2
Sake jera shi daga ƙarami zuwa babba: −2 ≤ x < 4

———●══════○———
   −2       4

Kada a tashi ba a gwada amsa ba. Mu ɗauki sifili, tunda yana tsakanin −2 da 4: 5 − 0 = 5, kuma 5 ya wuce −3, bai wuce 9 ba. Daidai ne. Mu gwada iyaka: idan x = 4, za a sami −3, alhali sharaɗin ya ce a wuce −3. Shi ya sa aka bar da'irar 4 fara.

5.0 Nau'in “Ko”

A wannan nau'in, cika sharaɗi ɗaya ya wadatar. Ma'aikatan lafiya kan ɗauki zafin jikin da ya kai digiri 38 a ma'aunin Salsiyos a matsayin zazzaɓi, wanda ya gaza 35 kuma a matsayin sanyin jiki mai haɗari. Saboda haka mutum yana buƙatar kulawa idan z < 35 ko z ≥ 38. Ba wanda jikinsa zai cika duka biyun a lokaci guda, kuma ba a buƙaci hakan ba.

Misali na 3: Warware 2x + 1 < −3 ko 3x − 2 ≥ 7

Kowanne da kansa ake warware shi.
Na farko: 2x < −4, saboda haka x < −2
Na biyu: 3x ≥ 9, saboda haka x ≥ 3
Amsa: x < −2 ko x ≥ 3

◄═══○———————●═══►
    −2         3

Kibiya ɗaya ta yi hagu, ɗaya ta yi dama, tsakiya ta zama wayam. Kuskure ne babba a haɗe wannan amsa a rubuta 3 ≤ x < −2, domin hakan yana nufin lambar da ba ta gaza 3 ba kuma ba ta kai −2 ba, wadda babu ita.

6.0 Amsoshi Biyu Masu Ban Mamaki

Wani lokaci ba a samun amsa ko ɗaya. Dubi x > 5 kuma x < 2. Layukan biyu ba su haɗu a ko'ina ba, don haka babu amsa. Wani lokaci kuma kowace lamba amsa ce, kamar x > 2 ko x < 5: duk lambar da ta kuɓuce wa sharaɗi ɗaya, ɗayan zai kama ta. Dabarar ita ce a zana kowane sharaɗi daban, ɗaya a saman ɗaya. Ga “kuma”, a ɗauki wurin da suka hau juna kawai. Ga “ko”, a kwashe duk wurin da ko ɗaya ya taɓa.

7.0 Jinga

(a) A jami'o'in da ke amfani da ma'aunin maki biyar, digiri mai daraja ta biyu ta sama yana farawa daga 3.50, mai daraja ta ɗaya kuma daga 4.50. Rubuta sharaɗin daraja ta biyu ta sama da alamomi.
(b) Warware 1 ≤ 7 − 3x < 13, ka zana amsar.
(c) Warware x + 4 ≤ 1 ko 2x > 10.

Amsoshi: (a) 3.50 ≤ d < 4.50 (b) −2 < x ≤ 2 (c) x ≤ −3 ko x > 5

8.0 Kammalawa

Kafin ɗalibi ya ɗora biro a takarda, ya tambayi kansa abu uku. Shin “kuma” aka ce, ko “ko”? Shin lambar iyaka tana ciki, ko tana waje? Shin an raba ko an ninka da lamba mai alamar ɗebewa? Idan ya amsa su daidai, sauran aikin tarawa ne da ɗebewa. Abin ba ƙarami ba ne, domin ɗalibin da ya kammala da 4.49 da wanda ya kammala da 4.50 ba takarda iri ɗaya suke kaiwa gida ba.