Amsoshin Tambayoyinku: Duk da Hukumomin Nan, Me Ya Hana Yunwa Ƙarewa?

Tambaya: Wani mai karatu daga Funtuwa ya aiko yana cewa, "Tun ina yaro nake jin FAO da WFP da IFAD a rediyo. Mene ne bambancinsu, kuma me ya sa har yau yunwa ba ta ƙare ba?"

Amsa: Malam, mun gode. Duka ukun na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, kuma hedkwatarsu na birnin Rum na Italiya. FAO, wadda aka kafa ranar 16 ga Oktoban 1945, aikinta shawara da ƙididdiga da yaƙi da annoba irin ta fara. WFP ta zo a 1961, ita ce mai kai hatsi inda yaƙi ko fari ya ɗaiɗaita jama'a. IFAD kuwa asusu ne da aka kafa a 1977, bayan farin da ya gasa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, domin ba gwamnatoci rance mai sauƙi saboda ƙananan manoma.

Ɓangare na biyu na tambayarka ya fi nauyi. Rahoton Majalisar ya ce mutum kusan miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023, kuma a Afirka mutum ɗaya ne cikin biyar. Babban dalili yaƙi ne. A 2024 an tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam da ke Darfur, a Sudan mai faɗin ƙasar noma. Mu ma nan, manomin Zamfara da bai isa ya taka gonarsa ba sai ya biya 'yan bindiga, wane ingantaccen iri ne zai amfane shi?

Sai kuma batun dabara. A shekarun 1960 irin alkamar da Norman Borlaug ya samar a Meziko ya bunƙasa girbin Indiya da Pakistan. Amma can alkama ce da shinkafa, ga ban ruwa ga taki. Namu abincin gero ne da dawa da rogo, masu jiran damina, kuma an daɗe ba a mai da hankali ga bincikensu ba. Daga baya cibiyoyi irin su IITA ta Ibadan da ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai suka duƙufa kan wake da gero. Shirin Sasakawa, wanda ya shigo Najeriya a 1992, shi ne ya koya wa manoman masara da yawa shuka a layi da binne taki maimakon watsa shi.

Aikin da ya fi burge ni dai bai ci kuɗi ba. A jihar Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka fara barin kututturen gawo da kalgo su tofo a gona, suna rage rassan kawai. Sassaben zamani ke nan. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa shi, amma manomi ne ya riƙa gani wurin maƙwabcinsa yana ɗauka, har ƙasa kimanin hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar.

Kada kuma mu ɗora wa baƙi laifin duka. A Maputo, a 2003, shugabannin Afirka da bakinsu suka yi alkawarin ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi, suka maimaita a Malabo a 2014. Ƙasashe ƙalilan ne suka cika. Hanyar karkara da rumbun ajiya da malamin gona ba aikin WFP ba ne. Saboda haka Malam, in ɗan majalisarku ya zo gida, tambaye shi kashi nawa jiharku ta ware wa noma bana, kuma nawa aka saki.