Aikin Ma'aikaciyar Jirgin Sama

Wata mai sauraro daga Katsina tana tambaya: shin aikin matan nan na cikin jirgin sama ya wuce rabon abinci da shayi?

To, Malama, rabon abinci shi ne zahirin aikin, amma wajibin da ya rataya a wuyansu shi ne kiyaye rayuka, shi ya sa mace ta farko da ta kama wannan sana'a a 1930, Ellen Church ta Amurka, ma'aikaciyar jinya ce. Tun kafin a kira fasinja, wani lokaci ko assalatu ba a yi ba, ma'aikaciya ta riga ta duba tukunyar iskar shaƙa, da na'urar kashe gobara, da rigunan ruwa. Haka kuma ƙa'ida a ƙasashe da yawa ita ce ma'aikaci ɗaya ga kujeru 50, kuma ba a ba babban jirgi izini sai an jarraba an tabbatar mutanensa za su fice cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa.

Wanda ya bi jirgin alhazai daga Kano zuwa Jidda ya shaida ladabinsu: tsohuwa tana salati, hannunta na rawa, ma'aikaciya ta durƙusa ta ɗaura mata ɗamarar kujera, tana cewa, "Sannu Hajiya, kwantar da hankalinki." Wallahi ina ganin girman wannan hali. Ga doguwar tsayuwa, ga barcin da saɓanin lokutan ƙasashe ke rikitawa, sa'an nan sau da yawa Idi ya riski ma'aikaciya a masauki, nesa da iyalinta.